Allo da Tawada a Ƙasar Bauta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ilmi shi ne dukiyar da azzalumi ba ya iya ƙwacewa. Labarin Musulmin Bahiya ta ƙasar Birazil ya isa shaida.

A zamanin cinikin bayi an kai baƙar fata fiye da miliyan 4 Birazil. Cikin waɗanda aka sauke a birnin Salbado, babban birnin Bahiya, akwai Hausawa da Nufawa da Barebari da Yarabawa, da yawansu an kama su ne a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan shekarar 1804. An raba su da iyaye da 'ya'ya, an canza musu sunaye, an tilasta musu addinin iyayen gijinsu. Amma abin da ke cikin ƙirji ba a ɗaure shi da sarƙa.

Idan sun sami sarari, sai su taru a ɓoye cikin ɗakuna, su yi salla, su rubuta allo, su wanke, su sake rubutawa. Cikin malamansu akwai Dandara, Bahaushe wanda ya sami 'yanci, yana sayar da taba, yana kuma karantarwa a shagonsa. Akwai kuma wani dattijo Bayarabe, Likutan, wanda da aka tambaye shi sunansa a gaban shari'a ya ce shi Bilal ne.

A daren 24 ga Janairu 1835, cikin kwanakin ƙarshe na watan Azumi, mutum wajen 600 suka fito cikin fararen riguna suna neman 'yancinsu. Asirinsu ya riga ya tonu, saboda haka kafin gari ya waye an ci ƙarfinsu. An kashe kimanin 70, daga baya aka harbe 4, aka yi wa wasu bulala, aka kora wasu zuwa Afirka. A jikin mamatan da cikin gidajensu aka sami takardu da layu da alluna, ɗauke da ayoyi da addu'o'i cikin Larabci. Har yau wasunsu suna nan a ajiye a Bahiya. Ba a haramta bauta a Birazil ba sai 1888.

To, jama'a, a nan akwai abin lura. Bawan da ba shi da ikon kansa ya saci lokaci domin karatu, bulala tana jiransa. Ina hujjar ɗan halas mai 'yanci, makaranta a ƙofar gidansa, malami a unguwarsu, amma ya bar ɗansa yana gararamba a titi? Suratul Hujurati ta karantar da cewa fifiko a wurin Allah da taƙawa yake, ba da launi ko asali ba, kuma taƙawa ba ta tsayuwa sai da sani.

Allah Ya jiƙan waɗannan bayi nasa, Ya sa zuriya ta riƙe karatu. Amin.