Kai Ne Idon Mai Sauraro

Ɗana, idan har ka ɗauki waya ka tsaya a bakin fili kana ba mutane labarin wasa, to ka sani amana ka ɗauka. Wanda ke saurarenka bai ga komai ba. Da idonka yake gani, abin da bakinka ya furta kuwa shi zai kai majalisa gobe ya rantse a kai. Samarin Daura da yawa sun shiga wannan harka yanzu, kowa da shafinsa a Facebook ko TikTok, kuma ina murna da hakan. Shi ya sa nake son in ba ka labarin dattijon da na koyi aiki a hannunsa, Allah Ya jiƙansa da rahama.

Na fara riƙe masa jaka ne ba da daɗewa ba bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. A lokacin ya riga ya yi furfura a aikin sharhin wasanni a rediyo. Baba muke ce masa. Cikin jakar akwai rikoda, da kaset-kaset, da batura da ya naɗe a tsumma, da goro, da wani littafi mai baƙin bango da duk gefensa ya lanƙwashe. Wannan littafi shi ne jarinsa. Tun kafin 'yan kallo su fara taruwa yake isa fili, ya bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi sunan yaro, da sunan mahaifinsa, da garinsu, da lambar rigarsa, ya rubuta da ajami. In sunan ya yi masa nauyi sai ya ce a maimaita har bakinsa ya saba. Dalilinsa shi ne, wataƙila sau ɗaya tak za a ambaci yaron nan a rediyo a duk rayuwarsa, kuma mahaifiyarsa na can Baure ko Sandamu ta kasa kunne. Don me za a ɓata mata sunan ɗa?

Wata shekara, lokacin bikin Sallar Gani, muka je ɗaukar damben gargajiya a Daura. Kalangu na tashi, fili ya cika maƙil. Ana cikin turmi na biyu sai 'yan damben suka sarƙe, ƙura ta turnuƙe, gefe guda na fili ya kaure da ihu wai an yi kisa. Ina tsaye kusa da shi, na ga yatsunsa sun ƙara damƙe makirufo, amma muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya gaya wa masu sauraro cewa ƙura ta rufe masa ido, bai ga hannu ko gwiwar kowa ta taɓa ƙasa ba, a dakata a ji ta bakin alƙali. Da ƙura ta lafa, ashe babu kisa, an raba su ne. Dogon numfashi kawai ya ja ya ci gaba. A turmi na uku da aka yi kisan na gaskiya, ya yi wa wanda ya yi nasara kirari, sannan ya juya kan wanda ya faɗi, ya ambaci garinsu da mazajen da shi ma ya taɓa kayarwa, ya tuna wa jama'a cewa faɗuwar ɗan dambe ba ƙarshensa ba ne. Ban taɓa jin ya muzanta wanda aka ci ba, ko a dambe ko a ƙwallo.

Kada ka ɗauka wai mai sanyin jiki ne. In ƙwallo ta shiga raga, muryarsa har makirufo sai ya yi ƙara. Yana yawan kawo mana misali da Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya, wanda ya rasu a 1990, mutumin da laƙabin da ya sa wa su Segun Odegbami da Christian Chukwu ya bi su har yau. Ranar da Najeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Legas ta ɗauki kofin Afirka a 1980, yawancin mutanen ƙasar nan ta rediyo suka kalli wasan, in dai za a kira shi kallo. Baba yakan ce mutane sun yarda da ihun mai sharhi ne saboda sun san ba ya ihun banza.

Akwai kuma ƙaramar ɗabi'arsa da nake so ka ɗauka: bini-bini yake maimaita ci nawa ne, da minti nawa aka yi, da wanda ke kai hari ta wane ɓangare. Yana tuna manomin da yanzu ya dawo daga gona ya kunna rediyo, da direban da ya taso daga Kongolam a tsakiyar wasa. Kuma da Hausa tsantsa yake yi, bugun kusurwa, satar fage, bugun daga kai sai mai tsaron gida, yadda tsohuwa ma za ta gane.

Yau me nake gani? Yaro bai kalli wasa ba, ya tsinci magana a wani shafi, ya juya ta ya watsa kamar a gabansa aka yi. A ce an sayi ɗan wasa alhali ba a saya ba. A ce alƙali ya karɓi kuɗi, babu shaida ko ɗaya, a manta shi ma yana da iyali a garin nan. A gidajen kallo kuwa, abokai sun daina gaisawa saboda Barcelona da Madrid, kuma wani lokaci kalaman mai sharhi ne suka hura wutar. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Ba na hana ka son ƙungiyarka, amma da zarar ka buɗe baki don jama'a, ka ajiye rigar a gida. Abin da ba ka gani ba ka ce ba ka gani ba. Ba zai rage ka da komai ba.

Sannan ka waiwayi gida. Wasan Turai yana da dubban masu ba da labarinsa. Wa zai ba da na Katsina United a filin Muhammadu Dikko, da gasar unguwanni a Zango da Mai'adua, da dambe da kokawa bayan kaka? Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, ana neman takobi, kuma rediyo da talabijin ne suka shigar da sunayen 'yan kokawarsu kowane gida. Mu ma muna da mazaje, masu ambatonsu ne suka yi ƙaranci.

Irin su Baba ba su ƙare ba tukuna. Akwai su a Daura da Katsina da Kaduna, sun yi ritaya, suna zaune a ƙofar gida ba mai tambayarsu komai. Ka nemi ɗaya cikin makon nan, ka durƙusa ka gaishe shi, ka kunna masa sharhinka ya gyara maka, ka kuma naɗi nasa labarin a wayar nan taka tun yana da rai. Allah Ya yi maka albarka.