Takobin da ya san inda zai tsaya

A watan Yuli na 1860 fitina ta ɓarke a birnin Dimashƙa na ƙasar Sham. Gungun mahara suka auka wa unguwar Kirista, suna kisa suna ƙone gidaje. Sai wani malami baƙo, Amir Abdulƙadir na Aljeriya, ya fita da mutanensa ɗauke da makamai, suka riƙa tsamo waɗanda ake farauta suna kai su gidansa. Dubban rayuka suka tsira, har da na Faransawa.

Ba a gane nauyin wannan aiki sai an tuna ko wane ne mai shi. Daga 1832 zuwa 1847 yana yaƙar sojojin Faransa, waɗanda suka ƙone gonakin mutanensa, suka kwashe dabbobinsu. Da ya ajiye makami bisa alkawarin za a bar shi ya tafi Iskandariyya ko Akka, sai aka saɓa alkawarin, aka tsare shi a Faransa har 1852. Ranar fitinar Dimashƙa ba ya buƙatar zare takobi domin ya rama. Rufe ƙofa kawai ya ishe shi, ba kuwa mai ganin laifinsa.

Shin zaluncin da aka yi wa mutum yana ba shi izinin zuba ido idan masifa ta sauka a kan masu addinin wanda ya zalunce shi? Amsar Abdulƙadir ita ce a'a. A wurinsa abokin gaba shi ne mai riƙe da makami a fagen daga. Wanda ya faɗo hannu amana ne. Tun a 1841 ya yi musayar fursunoni da limamin Kirista Dupuch na birnin Aljas, waɗanda ya sako kuma suka shaida kyakkyawan riƙon da aka yi musu.

Duk da haka tarihinsa bai rasa tabo ba. A 1846, ba ya nan, muƙarrabansa suka kashe fursunonin Faransa da ke sansaninsa. Wannan na nuna cewa hali na gari, in a zuciyar shugaba kaɗai yake zaune, yakan tashi ranar da shugaban ya yi tafiya.

Ya rasu a 1883, aka mai da ƙasusuwansa Aljeriya a 1966. Kabari da mutum-mutumi ba su biyan haƙƙinsa. Abin da ke biya shi ne a koya wa kowane soja ƙa'idar da ya riƙe, har ta tsaya ko babu mai sa ido.