Babur ɗin Mai Bishara da Zancen Haƙuri

Kafin a shiga wannan darasi, sai shugaban taro ya sa a karanta Littafin Musa na uku, watau Littafin Firistoci, sura 19, aya 17 da 18, sa'an nan 35 da 36. A kuma karanta Ayyukan Manzanni 16:35-40.

Ya 'yan'uwa, ikilisiyarmu ta yi shekara biyu tana tara baiko domin ta saya wa mai bishararmu babur. Ƙauyuka huɗu ya ke kewayawa, mafi nisa a cikinsu tafiyar sa'a uku ce a ƙasa. Zumuntar mata ta sayar da masara, samari suka yi ƙodago, har kuɗi suka cika. Aka tafi birni wurin wani dila, aka sayo sabo fil, da takardar garanti ta shekara guda.

Babur ɗin irin na yanzu ne. Ba shi da kabureta, wadda kowane makanike na bakin hanya ya iya kwancewa ya busa ya mayar. Akwai wani ɗan akwati a ƙarƙashin wurin zama, wanda a kan kira ƙwaƙwalwa. Waɗansu 'yan na'urori suna aika masa labari ta waya: zafin inji, da iskar da ke shiga, da gwargwadon yadda aka murɗa totur. Shi kuwa ya ƙayyade man da za a fesa, da lokacin da filogi zai ba da wuta. In wani abu ya ɓaci, fitila ta kan kama a gaban mahayi, akwatin kuma ya ajiye lambar ciwon a cikinsa. A yankinmu dila kaɗai ke da na'urar da ke karanta wannan lamba.

A wata na biyu babur ya fara mutuwa duk sa'ad da inji ya yi zafi. Aka kai wa dila, ya ce gurɓataccen mai ne. Aka sake kaiwa, ya canja filogi, ya karɓi kuɗi, ko na'urar bai jona ba. Bayan haka, wata ranar Asabar, babur ya mutu da mai bishara a daji, yana kan hanyar zuwa wurin wata tsohuwa da ke bakin mutuwa. Ya tura shi zuwa wani ƙauye, wani makanike ya yanke waya ɗaya ya sake ɗaurawa, ya samu ya kai. A zuwa na uku dila ya riƙe babur mako biyar, kullum yana cewa kaya suna hanya daga Legas. Daga bisani ya aiko da tambaya: ko wani ya taɓa wayoyin? Gama in an taɓa, in ji shi, garanti ta mutu.

Dattawa suka zauna, magana ta rabu biyu. Waɗansu suka ce, mu masu bi ne, sai mu yi haƙuri mu bar shi da Allah. Waɗansu suka ce a tafi da samari a cika masa shago, a kunyata shi a gaban masu ciniki, a kuma ce masa ba wanda ya taɓa kome. Ni ban yarda da ko ɗaya ba, ga kuwa dalilina.

Mu fara da laifin dila, domin kada wani ya zaci ƙaramin abu ne. Shari'ar Musa ta hana algus a awo da mudu da ma'auni. Kubawar Shari'a 25:13-16 ta hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa, babba da ƙarami, Misalai 11:1 kuma ta nuna Ubangiji yana ƙyamar wannan. Annabi Amos a sura 8 ya tsauta wa 'yan kasuwa masu rage mudu, masu sayar wa matalauci da ƙaiƙayi. Don me Littafi Mai Tsarki ya nanata zancen ma'auni haka? Domin shi ne wurin da mai saye ba shi da ikon bincike, dole ya dogara ga mai sayarwa. To, na'urar da ke karanta ciwon babur ma'auni ce, ta ma fi na dā ɓoyuwa. Macen da ta sayi gero ta iya sake awo in ta koma gida, amma mai bishara ba shi da yadda zai leƙa cikin akwatin nan. Wanda ya riƙe sani shi kaɗai, ya ƙi amfani da shi, ya karɓi kuɗi a kan zato, ya ci amana.

Yanzu sai masu cewa a bar shi da Allah. Maganar tana da daɗin ji, wani lokaci kuma bangaskiya ce ta gaske. Amma mu bincika zuciyarmu. Sau nawa mu kan faɗe ta, abin da mu ke nufi kuwa shi ne, Allah ya saka mana ya kā da shi? Na ga mutum ya ce ya bar wa Allah, sa'an nan ya shekara yana ba da labarin a kowane gidan biki. Wannan bai bari ba, ya dai ƙi zuwa wurin mutum guda da ya kamata ya ji maganar. Ku lura da yadda aya 17 da 18 suka haɗa abu uku wuri ɗaya: an hana ƙiyayya a zuci, an umarta a tsauta wa maƙwabci a fili, an kuma hana ramuwa. Ashe tsautawa a fili ita ce maganin ƙiyayyar ɓoye. Daga wannan wuri ne kuma Ubangijinmu ya ɗauko dokar ƙaunar maƙwabci.

Wani zai ce, to, ina Matta 5:39-41, zancen juya kunci da barin mayafi? Ba na so in rage nauyin wannan magana ko kaɗan. Ta hana mu rama mari da mari, tana kuma kiranmu mu yarda da hasara saboda Kristi. In da babur ɗin nawa ne, na kuma zaɓa in yafe shi duka da farin ciki, ba mai zargina. Amma Yesu kansa, sa'ad da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, bai rama ba, bai kuwa yi shiru ba: ya nemi a nuna masa laifinsa (Yohanna 18:22-23). Bulus a Filibi an yi masa dūka ba tare da shari'a ba, shi kuwa yana da 'yancin Roma. Da mahukunta suka aiko a sake shi a ɓoye, ya ƙi fita sai sun zo da kansu. A ganina ba don girman kansa ya yi haka ba, gama yana barin ƙaramar ikilisiya a garin, ya kuwa kyautu mahukunta su ji nauyin sake yin irin wannan. Mu ma babur ɗin nan ba na mai bishara ba ne. Masarar gwauraye ce da gumin samari. Mutum ba ya yin kyauta da abin da aka ba shi amana. Ban da haka kuma, gobe wani ɗan acaba zai kai nasa, wanda ya ci bashi ya saya. In mun yi shiru, shi zai biya.

Masu cewa a tafi da samari kuwa, amsarsu gajeriya ce: Romawa 12:17-19 ta rufe wannan ƙofa. Nufinsu dila ya ji zafi, mu kuwa abin da mu ke nema babur ya yi tafiya. Amma kashi na biyu na shawararsu shi ya fi tsaya mini a rai, gama a nan ne gwajin ya ke. Suka ce, ai ciwon ya riga makanike, dila ma ya sani, tambayar tarko ce kawai, don haka ƙarya ƙarama ba za ta cuci kowa ba. Rabin maganarsu gaskiya ne: ciwon ya riga makanike, rasit ɗin filogi ma shaida ne. Amma ƙaƙa za mu tsaya muna ƙarar ma'aunin algus da namu ma'aunin algus a jaka? Dila ya san abin da mu ba mu sani ba, ya ɓoye. Yanzu mu ma mun san abin da shi bai sani ba. In mun ɓoye, me ya raba mu da shi? Mai bishara da kansa ya ce ba zai iya hawa babur ɗin da aka karɓo da ƙarya ya tafi wa'azi a kai ba. Da ya faɗi haka, ɗakin ya yi tsit.

Ga abin da aka yi. Mai bishara ya koma shi kaɗai, ya nemi ganin mai shagon a keɓe, ya gaya masa kome, har da zancen makanike. Da bai saurara ba, aka koma da dattawa biyu. Ko da ya ke tsarin Matta 18:15-16 domin ɗan'uwa a cikin ikilisiya aka ba da shi, hikimarsa ta isa kasuwa: a fara a asirce, domin a bar wa mutum hanyar gyara ba tare da kunya ba. Sa'an nan aka rubuta takarda da kwanan watan kowane zuwa, da abin da aka ce, da abin da aka biya, ba ƙari ba zagi. Aka roƙi abu biyu kaɗai: a jona na'urar a gabanmu, a kuma gyara bisa ga alkawari.

Ba zan ɓoye muku ba, gaskiyarmu ba ta sa ya yi laushi ba. Ya kama ta ya riƙe, ya ce ai mun amsa da bakinmu. Saboda haka aka kai kuka ga hukuma. Nijeriya tana da dokar kare masu saye ta shekarar 2018, wadda aka sa wa hannu a 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC mai karɓar irin wannan ƙara. Kai kuka gare ta ba rashin bangaskiya ba ne, gama Romawa 13:4 ta ɗauki mai mulki a kan ma'aikacin Allah, Bulus ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Har yau muna jiran amsa, mai yiwuwa ne kuma mu yi hasara.

Mai bishara ya koma tafiyar ƙasa. A addu'ar safiya ya kan ambaci dila da iyalinsa, na kuwa kasa kunne da kyau, ban ji yana roƙon Allah ya hukunta shi ba. Wani saurayi ya tambaye shi, "Baba, in ka yafe masa, don me ba ka janye ƙarar ba?" Ya amsa ya ce abin da aka yi masa shi ya yafe tuni, amma babur na ikilisiya ne, ba shi da ikon yafe shi.

Akwai abu guda da ban taɓa ba. Dilan nan ba ɗan ikilisiyarmu ba ne. Da a ce mai bi ne, muna cin jibin Ubangiji tare da shi, da mun kai shi gaban hukuma? Kowa ya karanta 1 Korintiyawa 6:1-8 a gida, za mu ɗauki wannan a taro mai zuwa.