Hakkin Ma'aikaci Mai Ciwon Sukari



Da zarar kaka ta yi, masu gonaki a ƙasar Ɗambatta sukan shiga neman 'yan ƙodago, daga nan kuma sai noman rani a bakin dam ɗin Tomas. Cikin masu wannan aiki, da leburorin kasuwa, da malaman makaranta, akwai masu ciwon sukari waɗanda suke ɓoye ciwonsu don gudun kada a sallame su. Ba su ne ya kamata su ji kunya ba, sai dai wanda ya jefa su cikin wannan tsoro.

Jikin mai wannan ciwo ba ya iya daidaita sukarin da ke cikin jini, shi ya sa likita yakan ɗora shi a kan ƙwayoyi ko allurar insulin. Idan ya yi allura da safe, ya kama aikin ƙarfi, lokacin cin abinci kuma ya wuce, sai sukarin ya faɗi ƙwarai. Jiki ya ɗauki rawa, gumi ya keto, magana ta sarƙe. Sau nawa aka ce da irin wannan bawan Allah ya sha burukutu, ko kuwa iskoki sun buge shi, alhali kuwa ƙwayar sukari uku ko huɗu cikin ruwa ita ce ceton ransa!

Mu dubi yadda Uwarmu Ekklesiya take yi. Dokarta ta 1983 ta umarce mu mu kame baki na sa'a ɗaya kafin karɓar Jikin Kristi, amma ta cire ruwa da magani, ta kuma yardar wa tsofaffi da marasa lafiya su karɓa ko da sun ci wani abu cikin wannan sa'a. To, in har a gaban bagadin Ubangiji an yi wa mara lafiya rangwame, wane ne mai gona ko shugaban makaranta da zai hana shi minti goma ya ci abin da zai riƙe shi? A shekarar 1981 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar cewa aiki domin mutum aka yi shi, kuma wanda jikinsa ya raunana yana da hakkin samun aikin da ya dace da ƙarfinsa. Tun kafin wannan, Littafin Rut ya nuna mana Bo'aza, manomi irin namu, wanda ya bar baƙuwa mai kala ta sha daga ruwan ma'aikatansa, ya kuma kira ta ta ci tare da masu girbi.

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ma ba ta yi shiru ba. Ma'aikacin da ta shafa, in ya yi aikin sa'a 6 ko fiye a yini, yana da hutun da bai gaza sa'a ɗaya ba, ana kuma iya rarraba shi. Yana da kwana 12 a shekara na jinya da albashinsa, muddin ya kawo takardar likita. Mun sani ɗan ƙodagon gona ba ya zuwa kotu. Alƙalinsa shi ne lamirin wanda ya ɗauke shi aiki.

Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: lokacin cin abinci, ruwan sha a kusa, izinin zagayawa ba tare da gori ba, inuwa ko gindin randa inda zai ajiye allurarsa, da ranar ganin likita ba a yanke masa kuɗi ba. Wannan ya hau kanmu mu ma, game da katekis, da kuku, da mai gadin gidan Fada.

Kai kuma mai ciwo, ka sanar da abokin aiki guda wanda ka amince da shi. Kada ka shiga gona ba takalmi, domin ƙaramin rauni a ƙafarka yakan ƙi warkewa.

Muna roƙon katekis su karanta wannan a dukan majami'un ƙauye, su kuma nanata cewa wanda ya riga ya suma ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefe, a gaggauta kai shi Babban Asibitin Ɗambatta.