Ijazar Baƙo

Akwai mas'alar da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci: idan mutum ya ƙoshi da wani fanni a ƙasarsu, malamansa suka yi masa shaida, sa'an nan neman halali ko wata fitina ta jefa shi ƙasar wasu, shin wajibi ne mutanen can su karɓi shaidar waɗanda ba su sani ba?

A wurin magabata ijaza silsila ce ta mutane, wane ya karanta a gaban wane har a tuƙe ga mawallafi, kuma da yake malamai suna da labarin juna tun daga Fas har Alƙahira, sai shaidar ta riƙa bin mai ita duk inda ya sa gaba. Da haka Ibn Baɗuɗa mutumin Tanja ya zama alƙali a Delhi, da haka kuma Shaihu Magili ya sauka Kano, Sarki Muhammadu Rumfa ya nemi fatawarsa kan sha'anin mulki. Amma kada a zaci sakaci ne, domin a shekarar 931, da wani majinyaci ya rasu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya umarci Sinan ɗan Sabit ya jarraba likitoci fiye da 800, ban da waɗanda shahararsu ta wadatar. Saboda haka ba na ganin laifin Ingila don ta ce likitan da ya yi karatu a Zariya sai ya zauna jarrabawar PLAB. Ai mu ma muna jarraba 'ya'yanmu da suka karanto likitanci a Sudan da Masar, kuma ran majinyaci amana ne.

Inda abin ke sosa mini rai shi ne sa'ad da imtihani ya rikiɗe ya zama shamaki. Sai ka ga ungozomar da ta shekara goma sha biyar tana karɓar haihuwa, wadda da tafin hannu kawai take gane kwanciyar jariri, ga ta a ƙasar baƙunci tana goge daɓe a gidan tsofaffi, takardunta naɗe cikin leda a ƙasan akwati, tana tara kuɗin jarrabawar Turanci wadda sakamakonta ke mutuwa bayan shekara biyu, alhali a ƙasar ana kukan rashin ungozomomi. Wannan almubazzaranci ne da baiwar Allah, ban san wani suna da ya fi dacewa da shi ba.

Fuƙaha'u suna da ƙa'idar istis-habi, watau abin da ya tabbata yana nan a kan tabbatarsa har dalili ya gusar da shi, kuma hujja tana wuyan mai da'awa. Yarjejeniyar Lisbon ta 1997, da ta UNESCO ta 2019, kan karɓar shaidar karatu tsakanin ƙasashe, sun doshi wannan ma'ana, da suka ɗora wa hukumar da za ta ƙi shaida nauyin nuna bambanci mai girma tsakanin karatun biyu. Sai dai iyakarsu takardun makaranta. Iznin taɓa majinyaci an bar shi hannun kowace ƙasa, a bakin wannan ƙofa kuwa ungozomar nan take tsaye.