Zafin Fiɗa da Gwargwadon Magani a Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da Alayensa da Sahabbansa. Bayan haka:

Mutanen ƙasar Ungogo, daga Fanisau zuwa Rangaza da Kadawa, idan babbar fiɗa ta kama ɗayansu, galibi birnin Kano ake kai shi, ko Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala in karaya ce. Sa'ad da aka gama aiki, allurar barci ta sake shi, sai zogi ya taso. A nan ne likita kan ba da magunguna masu ƙarfi dangin ofiyam, kamar su mofin da tiramol. To, shin ya halatta Musulmi ya sha abin da ke iya gusar da hankali?

Malamai sun daɗe da warware wannan mas'ala. Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya rarrabe a littafinsa Alfuruƙ tsakanin abin da ke sa maye, da mai ɓata hankali, da mai sa barci ya ɗauke ji. Malaman mazhaba kuma sun halatta a ba mutum mai sa barci don a yanke masa gaɓar da ta lalace. Asalin wannan yana cikin Suratul Baƙara, aya ta 173, inda aka ɗauke laifi daga wanda lalura ta matsa wa, muddin ba sha'awa ta kai shi ba, bai kuma ƙetare iyaka ba. Watau halaccin yana tafiya ne da gwargwadon lalura.

Gwargwadon nan kuwa ba ɗaya ba ne ga kowa. Likitoci sun lura cewa wanda ya shiga ɗakin fiɗa da tsananin fargaba, ko wanda ya daɗe yana fama da ciwo kafin aiki, ya fi jin raɗaɗi bayan an gama. Matashi yakan bukaci magani fiye da dattijo. Tsoho da mai ciwon ƙoda kuwa kaɗan ake ba su, domin maganin yana daɗewa a jikinsu, yana iya danne numfashi. Saboda haka likita ba zai iya auna daidai ba sai majinyaci ya gaya masa gaskiya. A nan ne mutum biyu suke kuskure.

Na farko shi ne mai ɓoye zafi, yana zaton wannan shi ne haƙuri. Sau da yawa mace takan cije don kunya, namiji kuma don kada a ce masa rago. Wasu sukan kafa hujja da Urwatu ɗan Zubairu, wanda aka yanke wa ƙafa a Dimashƙa zamanin Halifa Walidu, ya ƙi shan abin da zai gusar masa da hankali. Wannan zaɓi ne da ya yi wa kansa, bai ɗora wa kowa ba. Wanda zafi ya hana shi tari da jan numfashi sosai, ƙirjinsa yana iya kamuwa. Wanda ya kasa motsawa kuma jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafarsa. Haƙuri shi ne barin ƙorafi ga hukuncin Allah, gaya wa likita inda ke ciwo bai warware shi ba.

Na biyu shi ne mai ɓoye abin da ya saba sha. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai masu haɗiyar tiramol don su jure noma ko ƙwadago. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba da umurnin likita ba, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Wanda jikinsa ya saba, abin da ake ba kowa ba zai ishe shi ba. Zai kwana yana birgima, likita bai san dalili ba. Lalle ne ya faɗa tun kafin a shiga da shi. Wannan ba tonon asirin kai ba ne, domin likita amini ne, wajibi ne a kansa ya rufa asiri.

Har wa yau akwai amanar da ke biyo majinyaci gida. Idan zafi ya tafi, lalura ta ƙare, halaccin ma ya ƙare. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke farat ɗaya, ya koma wa likita a rage masa sannu a hankali. Masu jinya kada su sayo ƙari a kemis don tausayi, kada kuma a miƙa wa maƙwabci ragowar ƙwaya, ko a ajiye ta inda hannun yara zai kai. Da yawa daga irin wannan ragowa tauna ta fara.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa ciwo ya zama kaffara, Ya tsare zuriya daga abin da ke gusar da hankali. Amin.