Mutum Na Uku A Cinikin Koyon Tuƙi

Mai neman wanda zai koya masa tuƙi yakan fara da tambaya ɗaya: nawa ne? Babu laifi a haka, domin kuɗi sun yi wuya, kuma man da za a ƙona a wajen koyo shi ma kuɗi ne. Sai dai wannan ciniki ya bambanta da sauran. Wanda ya sayi takalmi mai araha ya tsinke masa, ƙafarsa ce za ta taka ƙaya, shi ya zaɓa shi ya ji a jikinsa. A koyon tuƙi kuwa akwai mutum na uku da ba a kira shi wurin daidaitawa ba: yarinya mai tallan gyaɗa a bakin titi, dattijon da zai tsallaka zuwa masallaci, fasinjojin a-daidaita-sahu. Duk ragin da aka yi ta hanyar tsallake darasi, daga lafiyarsu aka cire shi. Mutum yana iya yafe haƙƙinsa, amma ba shi da ikon yafe na wani. Saboda haka nake ganin zaɓen malamin tuƙi magana ce ta amana kafin ta zama ta aljihu.

Za a ce haɗari ƙaddara ne, kuma wanda kwanansa ya ƙare ko gwanin gwanaye ne ke riƙe da sitiyari sai ya tafi. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma shari'ar da ta koya mana shi ita ce kuma ta ɗora hukunci a kan kisan kuskure. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya ga iyalan mamaci, da kaffara wadda a wannan zamani ta koma azumin wata biyu a jere. Da faɗin "haka Allah Ya so" yana wanke mutum, da ba a ɗora wa wanda bai yi niyya ba wannan nauyi. Malaman Malikiyya ma sun lamuntar da masu sana'a ɓarnar da ta auku a kayan mutane da ke hannunsu, don kada sakaci ya zama al'ada. Idan tela yana da alhakin yadin da aka ba shi, ina ga wanda ya sallami ɗalibi bai iya taka birki a kan kwalta mai santsi ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma Afirka ce ta fi yawan mace-mace gwargwadon yawan jama'arta, alhali motocinta ba su kai na sauran nahiyoyi ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu ja da wannan ra'ayi ita ce ta talauci. Ba kowa ke iya biyan makarantar koyon tuƙi ba, kuma manyan direbobin da suka tsufa a hanyar Kano zuwa Legas da yawansu a tasha suka koya, suna yaran mota. Haka ne. Amma a duba yadda suka koya. Yaro yakan yi shekaru yana wanke mota, yana duba ruwa da baƙin mai, yana sa waigi a taya, yana kallon yadda ubangidansa ke shiga kwana da lodi, kafin a bar shi ya matsar da ita ko taku goma. Bai biya da kuɗi ba, ya biya da lokaci. Abin tsoro a yau shi ne wanda ba ya son biyan ko ɗaya, wanda ake kai shi filin ƙwallo kwana kaɗan ya koyi sakin kuloci da sa giya, sai a ce ya iya. Motsa mota shi ne mafi sauƙi a cikin sana'ar. Sanin wa ke da hannu a shataletale, barin tazara, duba madubi kafin a kauce, da haƙura da wuce tirela a kan tudu, su ne ke ɗaukar lokaci, kuma su ne farkon abin da mai araha ta banza ke zubarwa.

Takarda ma ba ta isa shaida ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana tantance makarantun tuƙi, kuma ya kamata a fara tambayar ko makaranta tana da rajistarta. Amma hatimi ba ya zama a gefen ɗalibi a cikin mota. Dole mai nema ya bincika da kansa, kamar yadda iyaye ke tambayar halin malamin allo kafin su miƙa masa ɗa. A tambayi waɗanda suka koya a hannunsa. A ga motar, shin akwai birki a ɓangaren malami, shin an liƙa alamar mai koyo? Yana ɗaura bel, ko yana amsa waya ɗalibi na tuƙi? Mai tsawa da zagi tsoro kawai yake koyarwa, mai tsoro kuwa yakan taka totur a inda ya nufi birki. Mata da yawa sun fi samun natsuwa da malama mace ko da rakiyar muharrami, kuma makarantar kirki ba ta jin haushin wannan buƙata.

Rangwame halal ne a nema: a biya kashi-kashi, a haɗu mutum biyu ko uku a raba kuɗin mai, a yanke yawan darussa da tsawon kowanne tun farko. Ragin da ba a karɓa shi ne na malamin da ya ce a ƙara masa wani abu ya fito da lasisi ba tare da an je gwaji ba, domin gwajin ne kaɗai wurin da wani ke dubawa a madadin mutanen da ke bakin titi.